Inda Idon Baba Ya Tsaya

Baba ya rasu ana shirin kama azumi, da hantsi, kansa a kan cinyar Inna. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan.

A kwanakin zaman makoki ina gefen Inna ina sauraren masu gaisuwa, sai na lura kowa da irin mutumin da ya zo yi mana ta'aziyyarsa. Tsofaffin direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, da suka yi hanyar Kwatano tare da shi sun cika zaure, suna ta faɗin yadda bai taɓa wuce motar da ta lalace a daji ba. Maƙwabtanmu Dandawa suka shigo da "fonda tilas", gaisuwarsu ta ta'aziyya, suka zauna, suka yi addu'a suka tashi. Wata tsohuwa mai sayar da kifi a bakin kogi, wadda ban ma san ta san shi ba, ta kama hannuna da nata biyu ta ce, "Ɗiyata, shi ya gwada mini ramukkan wata. Da idona nig gani." Sai ta fashe da kuka kamar ɗan'uwanta ne ya mutu. Ta bayan katanga kuma na jiyo wani yana cewa, "Allah shi gafarta mai, mutumin kirki na, amma duban taurarin nan dai..." Ya bar maganar a nan. Na yunƙura zan fita in tanka masa, Inna ta danne mini gwiwa.

Yaya, babban ɗan Baba, bai yi kuka a gaban kowa ba. Shi ne shimfiɗa tabarmi, shi ne kai ruwa, shi ne rakiyar baƙi har titi. Ɗakin Baba ne kawai bai leƙa ba, don a can madubin hangen nesan Baba yake rataye a jikin ƙusa.

Abin da ya sa nake rubuta wannan shi ne waccan maganar ta bayan katanga. Jikokin Baba za su girma su ji ana cewa kakansu mai duba ne, kuma ba ni da ƙarfin bin mutane gida gida ina gyara musu zance. Abin da zan iya shi ne in faɗi abin da na gani.

Baba direba ne, bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, karatun allonsa ma daidai na salla ne. Rabin rayuwarsa ya yi ta ne yana jira: jiran lodi a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, jiran takardun duwan, wato kwastan, a bakin gadar iyaka, jiran gari ya waye a buɗe hanya. Sauran direbobi su kan kashe lokacin da shayi da karta, shi kuwa sai ya shimfiɗa tabarma a kan tantin da ya rufe lodi ya kwanta rigingine yana kallon sama. A Kwatano ne wani ma'aikacin jirgi ya gan shi haka, ya ba shi madubin hangen nesa mai ido biyu, shi kuma ya ba shi ƙunshin kilishi. Jumel ake ce masa a nan. Baƙi ne, mai nauyi, fatar jikinsa ta soma ɓarewa tun kafin a haife ni, kuma a tsakiyarsa akwai wani ɗan zobe da ake murzawa har abin da ake kallo ya fito sarai daidai da idon mai kallo. Inna ba ta taɓa kiransa da sunansa ba. "Idon mujiyarka" take cewa.

Da ya bar tuƙi sai ya gina matakala zuwa saman soro. Ana idar da magariba zai hau, ya kifa tsohon turmin Inna ya ɗora gwiwar hannunsa a kai don kada madubin ya yi rawa, ya zauna har a kira isha'i. Tuwo ya huce, Inna ta yi ta faɗa daga ƙasa, shi kuma ya amsa mata da "ina zuwa" ba tare da ya motsa ba. Idan aka tambaye shi me yake samu a ciki sai ya ce, "Sama ba ta da duwan. Ba wanda zai ce maka tsaya, kawo takarda."

Duk cikin taurari, Kaza ce tasa. Waɗannan 'yan taurarin da suke cure wuri ɗaya, waɗanda muke kira kaza da 'ya'yanta. Da ido mutum zai ga 'yan kaɗan ne, amma ranar da ya fara ɗora mini madubin a fuska, ina yarinya, sai na ga sun watse sun cika wurin kamar an zubar da tsaba. Na yi ihu, ya yi dariya har da tari. Ya san lokacin da take tsaye a tsakiyar sama da sanyi, da lokacin da take gangarawa yamma da bazara har ta ɓace. Idan ta ɓace sai ya ce ta shiga akurki. Idan ta sake fitowa da asuba kuma, ya aika wa ƙanwarsa Gwaggo a Tanda cewa su gyara iri, ko da yake manoman can sun riga shi sani, kuma Gwaggo ba ta taɓa fasa gaya masa hakan ba.

Wannan hawa soro ya jawo masa suna. Mata suka fara sallama da yamma, wata mijinta ya yi nisa ba labari, wata kasuwa ta tsaya mata, suna so Baba ya duba musu. Bai taɓa korar kowa ba. Sai ya ce ta hau, ya miƙa mata madubin, ya nuna mata wata.

"Mi kig gani?"

"Ramukka, Baba. Da wasu duwatsu."

"To, ni ma su nika gani kullum. Mijinki ba shi nan ciki. Tai ki tambayi direbobin Dosso, su ka ganin mutane."

Da yawa sukan sauko suna dariya, wasu su sauko da fushi. Amma washegari Baba zai je tasha da kansa ya yi cigiyar mijin, kuma na san aƙalla mace ɗaya da ta haka aka samo mata labarin nata.

Rigimarsa mafi tsawo da amininsa ce, ladanin masallacinmu. Wata shekara ana neman jinjirin watan salla, ladan ya hau soron ya ce Baba ya duba, in ya gani a je a ba da shaida. Baba ya duba ya ce bai gani ba. Ladan ya ce ya ƙara dubawa da kyau, mutane sun gaji da azumi. Baba ya ce madubin ba ya jin yunwa. Suka yi wata guda ba sa gaisawa sai a sahu, har ranar da ladan ya yi zazzaɓi Baba ya je ya yini a kansa. Ladan ɗin ne ya yi masa wanka ranar da ya rasu.

Akwai abu ɗaya da yake jira, kuma duk gidan mun sani. Kowane wata, wata yakan zo ya wuce kusa da Kaza, ya gaishe ta daga nesa ya tafi. Amma bayan shekaru masu yawa, kusan ashirin in ji shi, sai hanyar watan ta karkata ya riƙa bi ta tsakiyarta, yana rufe 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, su ɓace ɗif, can kuma su fito ta ɗaya gefen. Ya taɓa gani sau ɗaya da madubin, a kan hanya, yana kwance a kan lodin shinkafa. Ya ba mu labarin har muka haddace. Yakan ce, "In Allah ya kai ni, in sake ganin wata ya shiga gidan Kaza, to na gama kallo. Sauran na bar maku." Yana bin tazarar da ke tsakaninsu da yatsunsa, shekara bayan shekara, yana cewa ta ragu.

Sai abu biyu suka faɗo mana a lokaci guda. Na farko idonsa. Ya fara karo da ƙofa, yana zubar da buta. Na kai shi asibitin Dosso, lokotoro ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya ci gefe da gefe, saura tsakiya. Ya ba mu magani na ɗigawa, ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma sai dai a rage masa gudu. A mota, da muka kusa gida, Baba ya ce, "Tsakiyar ta ishe ni. Da ita aka kallo."

Na biyu, aka rufe iyaka. Wanda bai zauna garinmu Gaya a lokacin ba ba zai gane ba. Kamiyoyi suka yi layi ba iyaka, gada ta koma ba mai bi, kaya da mutane suka koma ƙetarewa ta kwale-kwale, kowa kuma ya zama mai sa ido a kan kowa. Gidanmu yana kallon kogi. Tsoho a saman soro da madubin hangen nesa, kullum da magariba, fuskarsa wajen ruwa: ba a daɗe ba magana ta fara yawo cewa ƙidaya jirage yake yi yana kai rahoto. Wa yake kai wa, kowa da nasa faɗin. Yaya yana harkar dakon kaya a bakin kogi, shi ya fara jin zancen, kuma shi ne aka fara yi wa kallon banza.

Na ji su, shi da Baba, ranar da suka yi ta a zaure. Yaya ya durƙusa, murya ƙasa ƙasa, ya ce, "Baba, don Allah ka dakata da hawan nan har ƙura ta lafa. Wanga lokaci ba a tambaya, ɗauka aka yi."

Baba ya ce, "Wata nika kallo. Wata na wace ƙasa na?"

"Ni na sani, Baba. Su ba su sani ba."

"To su hawo su gani."

Bayan kwana biyu madubin ya ɓace daga jikin ƙusa. Yaya ya ce shi ya ɗauka, ya kai shi inda ba za a gan shi ba, kuma ba zai faɗi wurin ba sai abubuwa sun daidaita. Ban taɓa yi wa Yaya tsawa ba sai ranar. Na ce masa idon Baba ba zai jira a buɗe iyaka ba. Ya ce gara Baba ya makance a ɗakinsa da a zo a tafi da shi a gaban jikokinsa. Inna tana tsakar gida tana jinmu, ta ce da ni in yi shiru, yayana ne, kuma gaskiya ya faɗa. Har yau ban iya cewa ƙarya ya yi ba. Tsoron nan na gaske ne, ni ma na ji shi. Sai dai na san abin da lokotoro ya faɗa, kuma ni ce mai ɗiga maganin.

Na yi abin da zan iya, kuma duk bai kai ko'ina ba. Na bincike gidan Yaya da matarsa ta ba ni dama. Na tambayi masu kawo kaya daga Malanbil da Kamba ko za a samo mini wani madubin, kowa na gaya wa sai ya ja baya, wani ma ya ce kada in ƙara ambata masa irin wannan kaya a bainar jama'a. Na gwada portabul ɗina, wayar hannu, na ja hoton wata har ƙarshe, sai wani farin dunƙule ya fito, Kaza kuwa ko alamarta. Baba ya kalla ya mayar mini, ya ce wannan ai ƙwan fitila ne.

Bai yi wa Yaya baki ba, bai ƙara ta da maganar ba. Ya ci gaba da hawa soro hannu wofi, yana lalube da bango, ya kifa turmin ya zauna. Idan wata ya kusa Kaza haskensa yakan shanye ta, ko mai lafiyar ido da ƙyar yake ganinta in ba da madubi ba. Sai ya ce da ni, "Yau suna kusa, ko?" In ce suna kusa. Ya ce, "Ya shiga?" In ce ban iya gani ba, Baba. Haka sanyi ya wuce, Kaza ta shiga akurki, damina ta zo ta tafi. Wata rana ya zame a matakala, daga nan ya daina hawa.

Da sanyi ya sake zagayowa jikinsa ya yi rauni, Gwaggo ta zo daga Tanda duba shi. Tana zaune tana ɓare gyaɗa ta ji yana tambayata ko daren jiya na ga Kaza. Ta ce wai har yanzu bai bar wannan shirme ba, ina abin nasa? Na ce ai ya ɓace tun bara. Ta tsaya da ɓarar gyaɗar.

"Wani baƙin abu mai ido biyu, da igiya?"

Na ce shi.

"La ilaha illallahu. Shina cikin rumbuna! Yaron ga, yayanki, ya ce mini ƙarhen mota na, in aje mai kar a sace. Ni da shi munka yi damana, kullum sai na ɗaga shi in ɗebi hatsi."

Ba ta kwana ba. Ta hau kabu-kabu da tsufanta ta koma Tanda, washegari ta dawo da shi a naɗe cikin zane a ƙasan kwandon shinkafa. Ta wuce Yaya a ƙofar gida ba ta ko dube shi ba, shi ma bai hana ta ba. Baba ya karɓa ya shinshina ya ce yana warin gero. Ya goge gilasan da bakin rigarsa, ya rataya a wuya, ya ce saura kwana kaɗan wata ya iso Kaza.

Ranar da ya ce ɗin, bayan magariba, muka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Rabin wata ne, yana tsaye kusan saitin kai, don haka ba sai an hau soro ba. Ni da Inna muka kwantar da shi rigingine. Yaya bai dawo daga bakin kogi ba ranar, ko da yake ya san ranar ce.

Baba ya miƙo mini madubin ya ce, "Fara dubawa, ki hwaɗa mini inda suke." Na murza zoben har ya yi daidai da idona. Ga wata, ga ramukansa a bakin inuwa, ga Kaza a gefe, tazarar ba ta fi faɗin watan ba. Na gaya masa. Ya ce ta wane gefe, na ce ta gabas. Ya ce, "To wajenta ya nufa. Kawo."

Na ɗora masa a fuska, na riƙe masa gwiwar hannu. Ya murza zoben zuwa dama har ya ƙure. Ya dawo da shi hagu har ya ƙure. Ya sake komawa a hankali, yana tsayawa, yana ci gaba. Inna da ta yi shekaru tana faɗa a kan tuwo mai hucewa tana zaune ta rufe baki da gyale. Aka kira isha'i bai sauke ba. Can ya tsaya a wani wuri, ya daɗe bai motsa yatsa ba, har na fara sa rai.

Ya ce, "Ga wata nan, kamar fitila bayan labule."

Na ce, "Kaza fa, Baba?"

Ya ƙara dubawa. Sannan ya sauke madubin a kan ƙirjinsa ya ce, "Ba ta nan, ɗiyata. Ku kai ni ɗaki, sanyi nika ji."

Ban taɓa jin na rasa abin yi kamar daren nan ba. Ga madubi, ga wata, ga Kaza, duk abin da ya yi shekaru yana jira ya taru a tsakar gidanmu, kuma ba ni da yadda zan ara masa idona. Daga ranar bai ƙara cire madubin daga wuyansa ba, bai kuma ƙara ɗora shi a fuska ba. Inna ce ta zare masa shi da ya cika, ta mayar jikin ƙusa.

Azumi ya zo ya wuce ba wanda ya taɓa shi. Bayan salla da kwana biyu, da yamma, na zo gaida Inna na tarar da Yaya tsaye a ƙofar ɗakin Baba, madubin a hannunsa. Ya rame. Bai dube ni ba ya ce, "An ce yau suna haɗuwa. Ina aka dubawa?"

Muka hau soro. Turmin yana nan a kife inda Baba ya bar shi. Jinjirin wata yana yamma, saman kogi, Kaza tana dab da shi, ta gangaro sosai, kwanakinta na shiga akurki sun kusa. A ƙasa ana jin injin kwale-kwale da hayaniyar masu lodi. Na nuna wa Yaya yadda zai ɗora gwiwar hannu a kan turmin. Ya ɗaga madubin wajen ruwa, a fili, duk mai wucewa yana iya ganinsa, bai ko waiga ba.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ban ga komi ba. Dishi-dishi kawai. Ko ya lalace cikin rumbu?"

Na ce, "Bai lalace ba, Yaya. Daidai idon Baba na. Nan ya bar zoben."

Na nuna masa zoben, na ce in ya murza kaɗan zai ga komai sarai. Ya ɗora yatsa a kai. Ina kallon yatsan. Bai murza ba, ni ma ban ce ya murza ba. Ya ci gaba da kallon farin dishin nan, kafaɗunsa suna girgiza, har ladan ya kira isha'i, har watan ya gangara bayan itatuwan ƙetare.

Ko wata ya shiga gidan Kaza a daren nan, ko gefe ya bi, ba mu sani ba. Yaya ya sauko da madubin a hannu biyu, ya shiga ɗakin ya mayar da shi jikin ƙusa.

Allah ya haskaka kabarinka, Baba.